Jakin rijiya da kujerar Yaya

Ana idar da sallar asuba muka bar Damagaram, mu uku a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar buhuna, kowa da katin zaɓensa a aljihu. Garinmu muka nufa, can cikin kwarin Tarka, domin washegari ake zaɓen kansiloli, kuma Yayata, wadda ta goya ni, tana cikin masu takara. Ungozoma ce. Ta gaji da ganin ana ɗora mata masu naƙuda a amalanke zuwa Belbeji, shi ya sa ta yarda aka sa sunanta. Sai dai sunan yana can ƙasa a jerin jam'iyyarsu. In mutanenmu ba su fito sosai ba, kujera ba za ta kai kanta ba.

Hanyar Tanout kun san ta, rami ya fi kwalta yawa. Direba ya ƙara kuɗin mota, wai saboda zaɓe, kamar shi ma takara yake yi. A Bakin Birji muka karya da ƙosai da shayi mai kauri, na sayi cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, na sa a jaka don Yaya. Da muka bar kwalta muka shiga rairayi kuwa, ban san wa ya fi ɗaukar wani ba tsakanin mu da motar. Sai bayan la'asar muka isa, ƙafafu duk sun sage.

Ranar zaɓe aka buɗe rumfa a lakwal, wato makarantar boko. Kafin rana ta take mutanen cikin gari sun jefa nasu sun watse, ma'aikatan zaɓe suna ta hamma. Yaya tana zaune a gindin aduwa tana jan carbi. Na san fuskar nan tun ina ƙarami, kuma hankalina ya tashi. Yawancin masu kati makiyaya ne, ko ɗaya bai leƙo ba.

Muka bi sawunsu, muka same su a babbar rijiya. Ga wanda bai sani ba, da rani kowane gida da lokacinsa na shayar da dabbobi. Jaki ke jan igiya, wani na kora shi, wani na tarbar guga yana juyewa a kwami. Wanda ya bar lokacinsa ya wuce, sai gobe, dabbobinsa su kwana da ƙishirwa. Na gaida wani dattijo, na ce masa ana jiransu a lakwal.

"Ɗana, muna so," in ji shi. "Amma wa zan bar wa shanun?"

"Baba, in mun riƙe muku igiyar fa?"

Ya dubi hannuna na ɗan birni, ya yi murmushi, ya miƙo mini sanda.

Haka muka yini. Gida ɗaya su tafi su dawo da tawada a yatsa, na gaba su miƙo mana nasu jakin. Ba mu tambayi kowa wanda zai zaɓa ba, ba kuma wanda ya gaya mana. Jakin farko ya raina ni tun daga kallo, in na ce tafi sai ya tsaya ya yi tunani. Abokan tafiyata suna bakin rijiya, igiya ta saɓule musu fatar tafin hannu.

Rana ta yi sanyi sai ga Yaya ta iso da ƙwaryar fura. Ban kai ga sha ba ta ce, "Nuna mini yatsanka." Fari fat. Ni da na keto rairayin nan duka don ƙuri'a ɗaya, na manta da ita a bayan jaki. Na zubar da sanda na kwasa da gudu, abokaina biyu a bayana, muka faɗa lakwal ana shirin rufe ƙofa.

Bayan magariba aka ƙidaya na garinmu, amma sai an haɗa da na sauran ƙauyuka. Washegari da hantsi aka bugo waya daga Belbeji: kujerar ƙarshe da jam'iyyarsu ta samu, ita ce ta Yaya, kuma da ƙyar. Sai a lokacin na ji numfashina ya sauka. Ita kuwa ta ajiye carbi, ta ɗauko man kaɗanya ta shafa mana a hannu ɗaya bayan ɗaya, idonta cike da ƙwalla.

Mun dawo Damagaram lafiya, a motar nan dai. Na sha zama a birni ina cewa mutanen daji ba su damu da zaɓe ba. Ashe sun damu, ba su dai samu wanda zai riƙe musu igiya ba ne.