Awon Ƙafar Auta

Tun tana shekara biyu ƙanwata, autarmu, ta gamu da shan inna. Ƙafarta ta hagu ta tsaya siririya, ta dama kuwa ta yi ta girma abinta. Da takalmin ƙarfe take tafiya, irin wanda yake hawa daga tafin ƙafa har cinya a ɗaure da maɗaurai na fata, kuma da shi ta gama makaranta kaf. A gidanmu na Haɗeja ba a zancen ƙafar nan. Mun iya kallon Auta daga ƙugu zuwa sama, mu a tunaninmu ladabi ke nan.

Shekarar da ta samu aikin koyarwa a wata firamare can bayan Auyo, damina ta yi ƙarfi. Hanyar kuwa sai mai rabon wahala: babur ya kai ka bakin ruwa, kwalekwale ya tsallakar da kai, sannan ka taka a kan gaɓa tsakanin gonakin shinkafa. Kafin ranar kama aiki ta je ganin makarantar sau biyu, ta dawo da miki a bayan gwiwa. Dalili kuwa wandon roba na kasuwa da take sawa ƙarƙashin ƙarfen. Yana kama ƙafar dama daidai, amma a ta hagu sai ya tattare, ƙarfen ya danne tattarar, tattarar ta ci fata. A asibiti aka ce ta ajiye ƙarfen sai mikin ya warke, kuma in ta koma wa irin wannan wando to gyambo ne zai biyo baya. Ba ƙarfe ba tafiya, ba tafiya ba aiki. Saura mata mako uku.

Ni ce babba, kuma ni ce mai iyayi a gidan, ba na musu. Na shiga intanet na sauko da takardar zanen da ake bi a yanka wandon roba a wayata, na kai shagon kwamfuta aka buga mini ita shafi-shafi. Na dawo na baje su a tsakar gida ina haɗawa da salatif, kaji suna bi ta kai ina kora. Da na gama sai ga surar ƙafar wando guda, doguwa, da layuka da lambobi. Na sayo baƙin yadi mai talewa. Ranar ji nake babu ya ni.

Iya, mahaifiyarmu, tana zaune bakin kekenta tana kallona. Tun kafin a haife ni take ɗinki a cikin gida, kuma ban taɓa ganin ta aza takarda a kan yadi ba. Ta dubi mutum sau ɗaya, ta auna da ɗani, ta sa almakashi. Matan unguwa kan ce idon Iya ya fi tef gaskiya.

Na karanta mata abin da takardar ta ce: a ninka yadi biyu, a aza ta a kai, a yanke ƙafafu biyun lokaci guda.

"A ninka?" in ji Iya.

"Haka suka rubuta, Iya. Masana ne fa suka zana."

"To, masanan sun san Auta?"

Na ce ai awo awo ne, na auna ƙugunta da tsawonta, na zaɓi lambar da ta dace. Iya ta yi mini kallon hadarin kaji, ta miƙo mini almakashinta. "Ba a ƙwace wa yaro garma," ta ce. "Yanka."

Na yanka. Na hau keken na ɗinka, ina ta murza ƙafa kamar mai gudun tsere. Auta ta shiga ɗaki ta gwada. Da ta fito tana dafa bango sai ta ce, "Ya yi kyau, Yaya. Sannu da ƙoƙari." Amma ba ta dube ni ba. Na sunkuyar da ido, sai na ga yadin ya taru a gwiwar hagu, ya zubo a idon sawu, daidai da na kasuwa, ko ma ya fi. Da ta zauna kuma sai muka ji ɗinkin baya ya yi ɓarar, zaren ya tsinke. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya biyo bayanta, na ce yadin ne marar kyau.

Iya ta matso. Ta ɗauki ragowar yadin ta ja shi ta tsawo, ta ja shi ta faɗi, ta kai shi kunne kamar za ta ji abin da yake faɗa. Ta ɗauki takardata ta juya ta, ta bi lanƙwasar cinyar da yatsa. "Wanda ya zana wannan ya iya," ta ce. "Nan wajen zaman ya fidda shi da kyau, ni ban taɓa tunanin yin haka ba. Laifinsa ɗaya, ya ɗauka kowa ƙafafunsa tagwaye ne."

Ta shimfiɗa yadin falle ɗaya, ba ninki. Ƙafar dama ta bi takardar sak. Da ta zo ta hagu sai na miƙa mata tef. Ta ture hannuna. Ta haɗa babban yatsa da na tsakiya ta yi zobe a iska, ta ɗan buɗa shi, ta aza a kan yadin ta ɗiga alli. Ta sake yin wani zoben, ta ɗiga. Idon sawu, sha-raɓa, gwiwa, cinya, Auta kuwa tana can ɗaki. Sai a lokacin na tuna kwalbar man kaɗanyar da take kan taga, da yadda Iya take tura ƙofa kowace safiya ita da Auta kafin a ɗaura ƙarfen. Na girma ina ganin ƙofar a rufe, ban taɓa tambaya ba.

Ɗinkin ma ba ta ba keke ba, don ta ga zarensa ba ya bin yadin in ya tale. Da hannu ta yi shi, allura tana karkata hagu da dama yadda zai miƙe ya koma. A ƙafar hagu kuma ta mai da haɗin waje, don kada ko zare ɗaya ya taɓa fata. Yini biyu ta yi a kai da tabaranta a kan hanci. Na zauna gefenta ina zura mata zare, kuma wallahi ban taɓa jin girman mutum a raina kamar yadda na ji nata ba.

Wandon ya kwanta a ƙafar Auta lif, babu tattara ko ɗaya. Mikin ya kame, aka mai da ƙarfen, ta zagaya tsakar gida har sau uku tana dariya tana cewa, "Iya, ba na jin komai!" Ranar Litinin ɗin kama aiki na raka ta bakin ruwa, na ga ta shiga kwalekwale ba wanda ya riƙe ta.

Wando ɗaya ba ya isar mai zuwa aiki kullum. Da Asabar ta zagayo Iya ta ce a yanka na biyu, kuma ni zan yanka. Na ɗauko tef. Ta karɓe ta cusa ƙarƙashin tabarma, ta kira Auta ta zaunar da ita, ta kwance mata ƙarfen.

"Ke 'yar nan, kawo hannunki," ta ce da ni. "Ni ba dawwama zan yi ba."

Na durƙusa. Shekara ashirin da wani abu muna kwana ɗaki ɗaya da yarinyar nan, ban taɓa taɓa ƙafar ba. Na kama sha-raɓarta, yatsuna biyu suka haɗu har da rara. Ƙafar da ɗumi, da santsin mai. Hawaye ya zo mini, na ɗago ina neman abin da zan ce.

"Matsa sosai, Yaya," in ji Auta. "Ba ta cizo."