Katin Surukina Ya Sayi Tsire

Gaskiya a yaba wa bankunanmu, sun haɗa kai. Yanzu katin kowane banki ne, ɗora shi kawai za ka yi a kan POS, wata cibiya can ta tantance, an biya. Ba lambar sirri, ba tambaya. Ci gaba ke nan.

Jiya na shiga kasuwar Makarfi da katunan mutane a walat. Kun san halinmu, duk mai zuwa gari shi ake tara wa saƙo. Har da katin surukina na Gubuchi, wanda ya ce in sayo masa taki.

Yunwa ta tsayar da ni wajen mai tsire. Don gayu ban zaro katina ba, walat ɗin gaba ɗaya na ɗora. Na'ura ta zaɓi wanda ta ga dama.

Ban gama tauna ba sai ga kiran surukina. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, sannan ya ce, "Malam Sani, ga alat da sunan mai tsire. Ashe takin bana da yaji ake sayar da shi?"

Na ce, "Baba, wallahi na'ura ce..."

"A'a, a ci lafiya. In ka gama, ka ba Ila direba katin, shi zai sayo."

Mutuncin da na daɗe ina tarawa a gidan surukaina, tsinken tsire ya cinye. Na gaji wallahi.

Yanzu wa zan kai ƙara, bankina da bai san an yi ba, ko na Baba da ya biya bai tambayi kowa ba?