Wasan Babarbare a Magazar Gyaɗa

A zamanin Nasara, lokacin da gyaɗa ke riƙe da Magariya, ni ne shugaban ƴan dako a magazar wani kamfanin Faransawa da ke bayan kasuwa. Magaza dai ita ce ƙaton ɗakin da ake jibge buhuna kafin kamyo, wato babbar mota, ya zo ya kwashe su zuwa Kano. Da kaka ta yi sai maza su yi ta kwararowa daga Bande da Waca har da Dungas, kowa na neman aikin rani. Ni ke zaɓar su, ni ke raba musu aiki, in kuma wani abu ya lalace ni Nasara ke kira ya zazzaga wa masifa. Ba ni da haƙuri, ban taɓa ɓoye wannan ba, jikokina ma shaida ne.

Aikinmu na da ƙa'ida guda da sabon zuwa ke koya tun ran farko. Mutum biyu ke kama buhu, kowa da gefensa, su yi lilo da shi su ɗora wa mai ɗauka. Amma ba a saki sai mai ɗauka ya daidaita wuyansa ya ce, "To!" Buhun ɓararriyar gyaɗa nauyi gare shi, in aka sake shi kafin wannan kalma, mutum na iya rabuwa da dako har abada.

A wata kakar wani Bafillace ya zo mini daga wajen Dungas. Ciwo ya shiga garkensa ya share shanun, ya bar shi da iyali da tsohuwar uwa. Siriri ne, ba ya son magana, kuma daga ganin hannunsa ka san sanda ya saba riƙewa. Na ɗauke shi don na ga in bai samu aikin nan ba, gidansa ba za a hura wuta ba.

Cikin masu ɗora buhu kuwa akwai wani Babarbare, ƙato, mai fara'a, ya daɗe tare da ni, kuma babu wanda ya kai shi iya ɗori. Yana ganin Bafillace ya buga tsalle ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini bawana har gida!" Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Ai tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. A ƙwace wa juna hula, a zagi juna tas, kowa ya ce shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Ba mai shiga tsakaninsu.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne wasan nan ba ya komawa. Na san wasan Barebari da Fulani, na tashi cikinsa. In an ba ka ɗaya sai ka rama biyu, a rabu ana tafawa. Nan kuwa Babarbare ne kullum ke yi, Bafillace sai murmushin yaƙe. Yau a zuba masa ƙasa a fura, gobe a sa masa ƙafa ya faɗi gaban mata masu sheƙar gyaɗa. Sannan na lura bakin Babarbare ke dariya, idonsa ba ya yi. Na kuma lura duk inda na tura shi, sai ya san dabarar da ya yi ya dawo layin da Bafillace ke ɗauka. Me yake nema a wurin? Abin ya dame ni ƙwarai.

Wata safiya ina can ƙofa sai kunnena ya jiyo wani abu da bai yi mini daɗi ba. Na ji dirar buhu tukuna, sannan na ji "To!" a bayanta, da murya a shaƙe. Na waiwaya, na ga Bafillace na tafiya da kaya yana tangaɗi, Babarbare na kakkaɓe hannu yana waƙa.

Na ja Bafillace bayan magaza na ce, "Ɗan'uwa, gaya mini gaskiya, mutumin nan cutar ka yake yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Maigida, wasa ne."

"Wuyan naka fa? Na ga ba ka juya shi."

"Kwanciya ce na yi ba daidai ba."

Kai! Na ji kamar in shaƙe shi don haushi. Amma na san Fulani, ko wuta ce ke cin su ba za su ce wayyo a gaban mutane ba, balle a ce abokin wasa ne ya sa su kuka. Kai ƙara wurin Nasara kuma ba shi cikin lissafina. Shi bai san wasa ba, bai san rashinsa ba. Gardi zai kira, wato dogarin gwamnati, da bulala, a zane su duka biyun a kore su, Bafillace ya rasa wuya ya rasa aiki.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na naɗa gammo na shiga layi kamar mai son motsa jini. Babarbare ya ɗora mini buhu a hankali kamar mai kwantar da jariri, bai saki ba sai da na ce "To!" Na ce a raina, ashe hannun lafiya lau yake, ba kuskure ba ne. Daga nan na yi kamar na tafi wurin awo, na zagaya na laɓe bayan tulin buhuna, ina leƙe ta wata kafa.

Ban daɗe ba Bafillace ya iso. Da idona na gani. Suna lilo, kafin bawan Allah ya gama sa kai, Babarbare ya saki gefensa, ya kuma bi buhun da tafin hannu ya danna. Gwiwoyin Bafillace suka lanƙwashe, ya dafa ƙasa, buhun ya mirgina gefe. Masu ɗauka suka fashe da dariya.

Ban san lokacin da na fito ba. Na daka tsawa na ce, "A tsaya! Kowa ya ajiye!" Na nuna Babarbare na ce, "Kai, kashe shi za ka yi mini a nan?"

Ya buɗe hannuwa yana dariya. "Haba Maigida, ni da bawana? Wasa ne fa."

Wani dattijo cikin masu ɗinkin buhu ya sa baki ya ce, "Maigida, ba a shiga tsakanin abokan wasa. Haka muka tarar." Saura suka gyaɗa kai. Wallahi a lokacin ni kaɗai ne a gefena, har shi wanda nake yi domin shi ya kau da kai.

Na ce, "To, na yarda wasa ne. Ai wasa ramawa ake yi. Kai Babarbare, ɗauki gammo ka tsaya nan. Shi zai ɗora maka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi Bafillace, bai motsa ba.

Na ce, "Tsaya mana! Ba bawanka ba ne? Me kake tsoro?"

Sai ya tofar da yawu ya ce, "Ni in ba Bafillace wuyana? Su da suka saki shanu suka cinye gonar ubana, baƙin ciki ya kashe shi? Allah ya kiyaye!"

Dattijon nan ya tambaye shi ko wannan Bafillacen ne ya yi ɓarnar. Ya ce bai sani ba, kuma bai damu ya sani ba, duk ɗaya suke. Na ce masa ya ɗauki rigarsa ya fita, kada in sake ganin ƙafarsa a magazata. Akawun kamfani na gaya wa kawai na sallami mutum, ban faɗi dalili ba don kada gardi su shigo ciki. Sannan na tara sauran na ce daga yau wasa da baki ne kaɗai, wanda ya yi shi buhu na hannunsa ya bi sawun wancan. Na ji zafin rabuwa da Babarbare, don ban sake samun mai ɗori kamarsa ba.

Da azahar ina alwala bakin rijiya sai Bafillace ya matso, ya duba hagu da dama, ya ce a hankali, "Maigida, kama mini rigar nan, hannun ya ƙi ɗaguwa." Na zare masa ita. Inna lillahi! Daga wuya har kafaɗa a kumbure, baƙi ƙirin, tsohon rauni a ƙarƙashin sabo. Hawaye suka zo mini don takaici. Na kai shi wurin lokotoro, wato likita, ya latsa ya ce ƙashin kafaɗa ya tsage, shi da kaya mai nauyi sai dai kallo.

Ban bari ya tafi ba. Na ba shi basilla da igiya na zaunar da shi cikin tsofaffi masu ɗinkin buhu, ya kuwa koya da hannu guda da rabi. Bai yi mini godiya ba, ban kuma nema ba.

Ana nan, ran kasuwar Magariya ya zo ya durƙusa gabana ya ce matarsa za ta shigo gari da nono, za ta biyo ta magaza. "Don Allah, Maigida, bar ni in tsaya cikin masu ɗauka. Kada ta gan ni zaune da allura."

Na sa aka cika buhu da ɓawon gyaɗa zalla aka ɗinke. Da ta iso ƙofa da ƙwaryarta, ni da dattijon nan muka kama buhun, muka yi lilo da shi muna nishi kamar gaske. Ya sa kai, ya daidaita, ya ce "To!" da ƙarfi, ya wuce ta gabanta a miƙe. Duk magazar an san abin da ke cikin buhun, kuma ba wanda ya yi dariya.