Issufu Mai Shayi da Jihohi Sha Biyu

Duk wanda ya sha shayin Issufu a tashar Kawo ya san sai an amsa tambaya ake samun sukari. Mijin yayata ne, kuma har yau in na tuna abin da aka yi masa raina ɓaci yake yi.

Makka yake son zuwa tare da abokansa na tasha. Da ya je neman fasfo aka ce ai a Damagaram aka haife shi, sai ya zauna gaban kwamiti an jarraba saninsa da ƙasar nan tukuna. Mutumin da aka shigo da shi Kaduna a goye! Haba jama'a!

Daga ranar ya ce tunda shi za a tambaya, kowa ma sai ya amsa. Wani direba Bakatsine ya miƙo kofi, Issufu ya riƙe cokali.

"Ina kogin Kwara ya haɗu da Binuwai?"

"A ƙarƙashin gada mana."

"Sha lami, ɗan ƙasa!"

Ni ma ban tsira ba. Ya ce in faɗi launin tuta, na ce kore da fari da ɗan ja.

"Jan na manja ne? Kai, ba don yayarka ba da ko ruwan zafi ba ka samu!"

Tashar nan kaf, masu fasfo da marasa shi, ba wanda ya iya kawo jihohi ko rabi. Shi kuwa sha biyun da ake da su a lokacin ya haddace su kamar karatun allo, a kan keke, a gindin murhu, har Yaya ta ce in ya ƙara ambaton Binuwai-Filato a ɗakinta za ta tafi gida. Ana nan wata safiya rediyo ya ce jihohi sun zama sha tara. Issufu ya ɗauki rediyon ya juya fuskarsa bango.

"Wa suka shawarta? Ni da na gama hadda?"

Na ce, "Malam Issufu, bakwai ne fa kawai ƙari."

"To ka haddace su kai, mai jan tuta."

Ranar kwamiti ni na raka shi, ya sha babbar riga. Ina daga bakin ƙofa na ji an ce, "Jihohi nawa ne a ƙasar nan?"

"Sha biyu na gaskiya, ranka ya daɗe, sai bakwai na gyara."

"Wace jiha kake zaune?"

"Arewa ta Tsakiya."

"Yanzu sunanta Jihar Kaduna."

"Kaduna gari ce. In kuna so in zaga da ku."

Aka ce ya dawo baɗi. To, taurin kai kam yana da shi, ban musa ba. Amma don Allah wa ya taɓa tsare ni da waɗannan tambayoyi? Ni da ban san tuta ba, ba wanda ya ce uffan da na nemi nawa fasfon. Abokansa suka tafi suka dawo da haƙorin Makka, shi ya dafa musu shayin barka da sauka, har da sukari, bai tambayi kowa komai ba. Wallahi ranar na fi jin zafi.

Ya haƙura ya haddace sha taran, ya haɗa da taken ƙasa, yana rerawa da muryar nan tasa kamar tsohuwar ƙofa. Yana gamawa aka sake taken. Ya daki tebur har kofuna suka zube.

"Ƙasar nan ta tsaya wuri ɗaya mana in kama ta!"

Bai kai ga zama na biyu ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar jana'izarsa direbobi suka ajiye motoci, fasinja na ta mita, ba wanda ya kula su.

Allah ya jiƙanka, Malam Issufu. Tambayoyin kabari da suka rage maka ba a sake su ba tun da aka sa su, kuma ka san amsarsu tun kana yaro. Allah ya daidaita harshenka, ya ba ka ladan Hajjin da ka yi niyya.