Malamin da Kullum Ya Ƙoshi

Ni 'yar tasha ce. A rumfar tuwon Inna da ke tashar motar Gusau na yi wayo, cikin direbobi da 'yan kamasho, inda in ba ka ɗaga murya ba ko ruwan wanke hannu ba ka samu. Da na shiga kwalejin horon malamai mata, a shekarun saba'in ɗin nan da gwamnati ke buɗe firamare ko'ina tana neman malamai ido rufe, da muryata na tafi. Malamanmu sun yi iya yinsu su rage ta, suka gaji suka bar ni.

A shekarar ƙarshe aka tura mu koyarwar gwaji a wata firamare a Tsafe. Can muka tarar da ɗaliban kwalejin maza, su ma an turo su. Cikinsu akwai wani dogo siriri, ɗan Fulanin wata ruga ta bayan Bungudu, wanda aka ba ajin da ke jikin nawa. Ajina kullum kamar ranar kasuwa, ga waƙa ga tafi, ina ihu yara na ihu. Nasa kuwa sai ka leƙa za ka yarda akwai mutane a ciki. Tun makon farko na tsane shi, don hedimasta ba ya gajiya da yi mini misali da shi.

Ban san ranar da tsanar ta juye ba. Na dai lura in ina zuba labari a gindin darbejiya lokacin hutun tara, kowa na ƙyaƙyata dariya, ni gefen bakinsa nake kallo ko zai motsa. Ran da ya motsa, yini na yi ina rawar kai.

To mu a gidanmu in kana son mutum abinci kake ba shi, ba mu san wata hanya ba. Na tashi da sassafe na turara dambu, ya ji zogale da mai, na cika langa na dire a gabansa.

"Malam, bismilla."

"Alhamdu lillahi Malama, na ƙoshi."

Washegari na kawo hoce, gasasshiyar wainar dawar nan tamu, da ƙuli, ya ƙoshi. Na kawo ɗanwake, ya ƙoshi. Sauran malamai dai suka yi ta ƙiba a kan soyayyata. Da abin ya ishe ni na tare shi a ƙofar ajinsa.

"Wai kai Malam, iska kaka ci? Ko ƙazama kaɗ ɗauke ni?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ce, "Gidanmu ba a ci gaban wanda aka jin nauyi nai. Kuma duk makarantag ga, ke nika jin nauyi."

Ba a taɓa rufe mini baki da 'yan kalmomi irin haka ba. Na san kunyar Fulani mana, amma na ɗauka boko da dogon wando sun wanke ta. Daga ranar sai in ajiye langar a tagar ajinsa in yi tafiyata, an jima in tarar da ita wanke tas.

Da aka yi hutu ya ce zai zo Gusau gaida Inna. Baba direban babbar mota ne, kullum yana kan hanya, saboda haka abin da Inna ta yanke a kaina shi ke nan. Murna ta ɗauke mini hankali, ban gargaɗi kowa a cikinsu ba. Inna ta kwaso masa tuwon dawa mai zafi da miyar kuka, ta kwarara man shanu, ta ɗora tsokar nan da take ɓoye wa manyan direbobi. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya zauna a bakin benci, tuwo ya yi ta hucewa. Da ta matsa masa, sai ya ce ya ƙoshi.

A tasha ƙin cin abincin mutum magana ce babba, zarginsa kake ya zuba maka wani abu. Yana fita Inna ta wurgar da ludayi.

"Mi wanga yaro yaɗ ɗauke ni? Barbaɗe ni kai mai don shi auri ɗiyata? Wanda bai yarda da hannuna ba, ba ni ba shi ɗiya. Kar shi ƙara tako min rumfa."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ta ce duk duniya ba ta san kunyar da ke hana mutum cin tuwo ba.

Ranar kasuwar Bungudu na shiga mota na same shi a wajen shanu tare da 'yan uwansa. Na ja shi gefe na zazzage masa komai, na ce ko ya zo ya ci, ko kuma mun rabu.

"In ci gaban Inna?" ya ce. "Tsakar tasha?"

Ya juya ya koma wajen shanu. A mota na yi ta share hawaye har Gusau, don na san abin da na roƙa. Kamar a ce mini ne in cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Na tsorata ƙwarai, na sa a raina na rasa shi.

Sai ga shi wata rana da azahar, lokacin da rumfa ke cike maƙil. Ya yi sallama, ya ratsa ya zauna a tsakiyar benci, ya ce, "Inna, a sa min tuwo."

Tasha ba ta da sirri, kowa ya riga ya ji labarin. Direbobi suka dakata da cin nasu, 'yan kamasho suka bar lodi suka taru a bakin rumfa. Inna ta dire masa kwano, ta riƙe ƙugu ta tsaya a kansa. Ya wanke hannu, ya gutsuri loma. Miya na ɗiga a rigarsa, gumi ya jiƙa masa hula. Ya rufe ido ya haɗiye, ya sake kai hannu.

Ina kallon fuskar Inna ta sauya. Hannunta ya sauka daga ƙugu. Matar da ban taɓa ganin ta ɗauke ido daga kan mai cin abincinta ba ta juya masa baya, ta fizgo asabarin rumfa ta sake shi, ta fuskanci taron.

"Mi kuka kallo? Ba ku taɓa ganin mutum na cin tuwo ba? Kowa shi kama gabanai!"

Suka watse suna dariya. Ni ina tsaye a ciki, baki buɗe, ban san in yi kuka ko in yi guɗa ba. Sai ta waiwayo ta harare ni.

"Ke kuma marar kunya, hita ki ba mijinki wuri shi ci abinci."