Mai Tsaron Ƙofa da Ɗan Aike

Ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu nan Daura da wuya a yi rikicin gida ba a aiko a kira ni ba. Saboda haka da autana ya kawo min maganar aikinsa, ban ga abin mamaki ba.

Kwamfuta ya karanta a Kano. Ya dawo gida da iyalinsa ne don wata ƙungiyar dillalan dabbobi ta ɗauke shi ya gina mata shafi a intanet, inda kowa zai shiga ya nuna dabbobinsa. Muddin aikin na nan, yana nan kusa da ni.

Ina ɓarar gyaɗa ya zauna a bakin tabarma.

"Inna, abu biyu ke aiki a bayan shafin nan. Ɗaya kamar mai tsaron ƙofa, shi ke tambayar mutum suna da lambar sirri kafin ya shiga. Ɗaya kamar ɗan aike, shi ke kai wa mutane imel, wasiƙar waya ke nan. Abokin aikina ya ce a raba su, kowa da ɗakinsa."

Na ce, "Abokin naka ya taɓa riƙe gida? Duk fataucin shanun da mahaifinka ya yi, mutum ɗaya ne a zaure, shi ne kuma ɗan aike. Ka raba su ka ga yadda za su riƙa ɗora wa juna laifi."

Ya yi dariya. "Inna, na'ura ba ta gaba."

"To, yi yadda ka so, tunda ka fi ni karatu."

Na san abin da wannan maganar ke yi wa ɗa. Ya haɗe su.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, shugaban ƙungiyar ya sa aka aika wa kowa saƙo a lokaci guda, har da hotunan raguna. Kaya suka yi wa ɗan aike yawa, ya tsaya cik, ƙofa ma ta rufe tare da shi. Ranar kasuwar Mai'adua ce, babu dillalin da ya iya shiga. Ina jin wayar autana tana ta kuka, yana ta ba manyan mutane haƙuri.

A ranar na tuna abin da ban faɗa masa ba. Duk sanda mahaifinsa ya aiki mutumin zauren nan zuwa Zango, ni ke zama bayan ƙyaure ina amsa sallama. Mu biyu ne ashe, ni ce ban taɓa lissafa kaina ba.

Na so in faɗa, bakina ya ƙi.

Bayan Sallah dillalan suka karɓe aikin suka miƙa wa abokin nasa. Auta ya kwashe matarsa da 'ya'yansa suka koma Kano, bai ce min komai ba sai "Allah ne ya ƙaddara, Inna."

Yanzu duk Juma'a yana kira, ya tambayi gwiwata, ya tambayi magani. In na ce ya aiki, sai ya ce lafiya lau, ya miƙa wa yara wayar.