Barcin da muka bar Kawu Sani ya yi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, mai ɗinkin hula a zauren gidanmu na Limancin Kona. Gamsheƙa ce ta sare shi a gindin ganuwa da hantsi, ya je yankan ciyawar awaki. Da ƙafarsa ya dawo gida.

Aka ɗaure ƙafar da tsumma, mai magani ya yi tsaga ya shafa gari. Kowa wurin saran yake dubawa. Bai kumbura sosai ba.

"Dafin bai shiga ba," in ji Hajiya, kakarmu. "Kai dai ka cika raki, Sani."

"Hajiya, ai macijin ne ya tuna ɗan wa ya sara," ya ce yana dariya.

Ni ina raɓe a bakin ƙofa, fuskarsa nake kallo. Bayan azahar fatar idonsa ta fara saukowa. In zai dube ni sai ya ɗaga haɓa. Ruwan da aka ba shi ya dawo ta gefen baki, maganarsa ta koma ta hanci. Na ja zanen Hajiya na gaya mata.

"Gajiya ce, 'yar nan. Bar shi ya yi barci."

Aka rage murya, aka sauke labule. Sai da numfashinsa ya koma sama-sama aka nemo mota. A asibiti likita ya ce irin wannan dafin, jijiyoyi yake kamawa, daga ido ya gangara maƙogwaro, ya isa ƙirji. Allurar karya dafi ake yi da wuri, a taimaka wa mutum da na'urar numfashi. Mun makara.

Yau an gina gidaje har jikin ganuwar, ciyawa ta rufe ramukan da ake haƙar ƙasa, yara suna ƙwallo a wajen ba takalmi. Da Kawu yana nan, da ya kore su da faɗa. A daminar bara an sari wani maƙwabcinmu, na ji mata suna cewa, "An gode Allah, ba kumburi." Shi ya warke, sai maganar nan ta cewa in ba kumburi ba haɗari ta ƙara zama a bakin mutane.

Hulunan Kawu sun koɗe, barkwancinsa ma na fara mantawa. Abin da ya rage mini shi ne abin da malamarmu ta kimiyya ta faɗa bana, da na yi ƙarfin hali na tambaye ta: mai irin wannan dafin sau da yawa hankalinsa yana nan, yana jin komai, motsi ne ya gagare shi.

Ke nan Kawu ya ji lokacin da aka ce kada kowa ya tashe shi.